Zurfin da Auta Ba Ta Gani Ba

Auta ta miƙa hannu ta karɓi tabarau ɗin.

Na kwali ne, ba shi da nauyin komai, ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ta sa irinsa ya fi sau arba'in a wannan shagon hoto, amma ba ta taɓa sa shi a gaban uwar saurayinta ba. Mama tana zaune a kujerar da ake ɗaukar masu hoton fasfo, jaka a kan cinya, kuma tun da Auta ta durƙusa ta gaishe ta take ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Shi kuwa saurayin nata, Mai Hoto, ya kasa tsayuwa wuri ɗaya don murna. Yau ne zai nuna musu abin da ya ɓoye sati uku: ɗakin da ya kama, inda shi da Auta za su zauna in an ɗaura aure.

"Ke za ki fara gani," ya ce. "Ɗakinki ne."

Sakatariyarsa ce ta shigo da hoton, babba, manne a jikin allo. Ta jingina shi a kan tebur, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannuwa. Da ido zalla sai ka rantse hoton ya lalace, don kowane abu a cikinsa yana da inuwa biyu, ja a gefe, shuɗi a gefe. Sai an sa tabarau inuwar ke haɗewa, hoto ya buɗe, na kusa ya taso, na nesa ya lume ciki, har ka ga babban mutum da gemunsa yana miƙa hannu zai taɓa abin da babu shi. Haka kowa ke faɗa. Auta ma haka take faɗa.

Ta sa tabarau. Ta ga abin da ta saba gani: hoto mai ruwan shuɗi, a shimfiɗe kamar kalandar bango. Ƙofa a buɗe, taga, kujera guda ɗaya.

Ta ja numfashi yadda ta koya. Ta ɗan ja da baya, ta ɗaga hannu.

"Ƙofar kamar za ta buge ni..." ta ce a hankali. "Dubi nisan tagar can. Kamar in ɗaga ƙafa in shiga."

Fuskar Mai Hoto ta washe. Ya karɓi tabarau zai miƙa wa Mama, sai halin mai sana'a ya motsa, ya ce bari ya ɗan duba aikin tukuna. Ya sa.

Murmushin ya mutu a fuskarsa.

Ya cire, ya juya tabarau, ya sake sawa. Ya matsa kusa, ya ja baya. Daga nan ya juya kan Sakatariya da faɗa, yana tambayar me ta yi wa aikinsa. Hoto biyu ya ba ta, na idon hagu da na idon dama, ta haɗa. Wannan kuwa hoto ɗaya ne aka ninka aka ɗan goce shi. Launin yana nan, amma babu zurfi ko na ƙwayar zarra.

"Kuskure ne, ranka ya daɗe," in ji Sakatariya, ko gezau. "Na hagun na sa sau biyu."

Ta dubi Auta.

"Amma ai ita ta ce ta gani."

Fankar sama tana ta juyawa. Auta ta ji idon Mama a kanta, ta kuma ji na Mai Hoto, wanda ya fi zafi, don shi babu fushi a cikinsa, tambaya ce kawai. Mama ta gyara zaman jakarta ta ce Allah ya kyauta. Auta ta ce ta baro aiki a shagonsu na ɗinki, ta fita ba tare da ta san ko ta yi sallama ba. A matakala ta riƙe ƙarfen gefe kam, tana laluben kowane tsani da ƙafa, kamar yadda take yi duk lokacin da babu mai kallonta.

Ga yadda abin yake. Auta tana da shekara shida wayar laima ta soke ta a idon hagu wajen wasa. Ciwo ya warke, ido ya koma fes, baƙinsa baƙi, farinsa fari, yana bin ɗan'uwansa duk inda ya juya. Sai dai ban da haske da duhu ba ya rarrabe komai. Mai ido ɗaya kuwa, ko tabarau goma ya jera, hoton nan ba zai buɗe masa ba, don sai ido biyu sun yi aiki tare.

Ta girma da dabarunta. In za ta zuba shayi sai ta ɗora bakin buta a kan kofi. In za ta zura zare a allura sai ta bi da shi ta jikin yatsa. Ta zama telar da ake layi a kanta, kuma a cikin matan da take ɗinki da su ba wadda ta sani. Sau ɗaya ta taɓa faɗa wa namiji, wani malamin makaranta da ya neme ta shekara biyu da suka wuce. Ya ce ba komai, wallahi ba komai. Bayan sati guda gwaggonninsa suka aiko tambaya ko abin ana gadonsa, bayan sati biyu waya ta daina ƙara. Yaya, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ga irin ramar da Auta ta yi, ta rantse ba za a sake ba. Duk wanda ya zo, bakinki alaikum, sai an ɗaura. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi.

To cikin duk mazan duniya, sai Allah ya haɗa ta da mai irin wannan hoto.

Igiyar jakar kyamararsa ce ta tsinke ya kawo ɗinki. Yana jira yana kallon hannunta a kan keke, sai ya roƙi ta tsaya cak kada ta motsa. Ya jingina a ƙafar hagu ya ɗauka, ya koma ƙafar dama ya sake ɗauka. Ta yi dariya ta tambaye shi ko rawa yake koya. Bayan kwana uku ya dawo da hoto da tabarau. Matan shago suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta yi salati, waccan ta kauce wai almakashi zai tsokale mata ido. Da aka zo kan Auta duk sun zuba mata ido, shi ma ya zuba, da irin kallon yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa gida. Sai ta yi yadda suka yi.

Ƙaramar ƙarya ce, ta minti ɗaya. Wa ya san za ta yi wata takwas tana girma?

Ita kuwa Sakatariya shekara shida tana aiki da shi, tana haɗa masa hotuna, tana tuna masa ya ci abinci, tana jiran ranar da zai ɗago kai ya gan ta. Bai ɗago ba. Allah ya raba mu da mai haƙurin da ya ƙare a banza. Ita ce ta lura wata rana Auta ta sa tabarau a juye, jan a dama, inda duk mai ido biyu zai ga hoto ya birkice, amma ta yi ta yabo. Ta adana abin a ranta har ranar da Mama za ta zo.

Auta ba ta koma shago ba, gida ta wuce. Ta tarar da Yaya tana shanya, ta faɗa mata komai a tsaye. Yaya ta saurara har ƙarshe, ta matse rigar da ke hannunta, ta ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ki ce kunya kika ji. Ki ce kin ga hoton a shimfiɗe, amma ba za ki kunyata shi a gaban mahaifiyarsa ba. Wace uwar miji ce ba za ta so surukar da ke rufa wa ɗanta asiri ba? Sai ma ta ƙara miki daraja, ita kuma waccan munafukar ta sha kunya.

Auta ta ce tana tsoro.

Yaya ta ce tsoron da ya fi wannan shi ne ta sake kwanciya wata uku tana kallon rufi. Ta ce ita ta ga wancan, ba za ta iya ganin na biyu ba. Da ta faɗi haka idonta ya kawo ruwa, ta juya ta ci gaba da shanya.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Shi ne.

Bai tambaye ta komai ba. Haƙuri ma ya dinga ba ta. Ya ce ya zauna ya yi tunani ya gane, don kada ta ba shi kunya a gaban Mama ne ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ya gaya wa Mama haka. Ya ce ya haɗa hoton da hannunsa yanzu, na gaskiyar, ta zo da safe ta ga ɗakinta.

"Ko ba haka ba ne, Autata?"

Ƙofa ce ya buɗe mata da kansa, har ya riƙe mata labule. Abin da ya rage ta ce eh.

Ta ce sai ta zo.

Ta ɗauki ɗinki ta ajiye, ta sake ɗauka. In ta yi shiru, aure ya tabbata. Daga nan fa? Mutumin nan ba shi da zance sai hoto. Zai ɗauki 'ya'yansu ya kawo mata, zai ɗauki tsufansu ya kawo mata, kullum da wannan kallon, kullum ita kuma tana ja da baya tana ɗaga hannu. In kuma ta faɗa, ta san ƙarar wayar da ta daina ƙara. Tana sonsa, son da ba ta yi wa malamin makaranta ko rabinsa ba, shi ya sa kowace hanya ta duba sai ta ga ba ta ɓullewa.

Da safe ta hau matakalar shagonsa. Sakatariya ba ta nan, ya aike ta. Sabon hoton yana jingine a inda na jiya ya tsaya. Ya tare ta da fara'a, amma idonsa ya nuna bai yi barcin kirki ba. Ya miƙa mata tabarau da hannu biyu.

Ta sa. Ƙofa, taga, kujera, ruwan shuɗi.

Ta ji numfashin nan na koyo ya taso da kansa, ta ji hannunta yana shirin ɗagawa. Ta danne shi da ɗaya hannun.

"Ban gani ba."

Ya ce ta ɗan matso baya, wani lokaci sai an ba ido lokaci.

"Ban gani ba," ta sake cewa. "Ban taɓa gani ba. Ko sau ɗaya."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta gaya masa zancen laima, da malamin makaranta, da rantsuwar Yaya, duk a jere ba tare da ta dube shi ba. Da ta gama ta jira tambayar da ta sani, ko ana gado. Bai yi ta ba. Ya zauna a bakin tebur kamar an zare masa laka.

Da ya buɗe baki, wani hoto ya tuna mata. Tsohon keken ɗinkin mahaifiyarta, wanda ke ajiye a ɗakin Yaya. Ya yi yini guda yana gyara haske don ya ɗauka mata shi, ya kawo mata kyauta.

"Ranar kin yi kuka," ya ce. "Na koma gida ina cewa ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Shi ma?"

"Na yi kuka ne don kowa ya ga keken Innata ya taso, ni kaɗai ban gani ba."

Ya rufe fuska da tafin hannu.

Ya ce ido ba komai ba ne a wurinsa, da ta faɗa tun ranar farko da ko a jikinsa. Amma wata takwas yana kawo mata zuciyarsa a kan allo, ashe shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa. Yanzu in ta ce masa tana sonsa, ta ina zai gane ba irin wancan yabon ba ne? Ba da tsawa ya faɗa ba. Da ma ya yi tsawar da ya fi mata sauƙi.

Ya ce ta ba shi lokaci.

Kwana ɗaya, biyu, biyar. Waya tana aljihun rigarta, duk motsi sai ta duba. Yaya ta yi faɗa har ta gaji, ta ce an ba ki igiya kin yanke da hannunki, daga baya kuma ta zo ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya. A shago Auta ta ɗinke hannun riga a juye, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo. A kwana na bakwai ƙanwar mahaifinsa ta aiko wa Yaya cewa a ɗan dakata da maganar sa rana. Auta ta san wannan dakatawar, ta taɓa jin irinta.

A kwana na tara, da rana tsaka, inuwa ta tare ƙofar shago. Mama ce.

Matan shago suka gaishe ta suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta. Auta ta durƙusa. Mama ta zauna a benci, ta ƙi ruwan da aka kawo mata.

"Rufe mai kyaun," ta ce.

Auta ta rufe idon dama da hannu.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ban sani ba, Mama."

Mama ta sauke hannu. Ta tambayi yadda abin ya faru, aka gaya mata. Ta ce to wayar laima dai ba a gadonta, wannan ko jahili ya sani. Daga nan ta gyara zama, ta shiga faɗa. Ta ce ita ba ta da ɗa sai wannan, kuma ba ta raine shi don wata ta mai da shi abin dariya a gaban ma'aikaciyarsa ba.

"Ido na Allah ne, yarinya, ba wanda ya yi wa kansa. Amma baki naki ne."

Auta ta ce haka ne. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

Mama ta ce ita ta gaya masa ya haƙura da maganar, mata ba su ƙare ba. Ya ce to. Washegari sai ga shi ya fito da auduga da filasta a manne a idon hagu. Ta ɗauka ciwo ne, ya ce lafiyarsa ƙalau. Yau kwana takwas ke nan bai cire ba, ko wanka da shi yake yi. Ya fasa mata kofi biyu. Ya zuba shayi a kan tebur yana kallon kofin. Ya gwara goshi da ƙofar kabad, ya tsallake tsani ya kusa karya ƙafa. In ta yi magana sai ya ce so yake ya san inda wata take zaune shekara ashirin.

"Mai ido biyu na haifa," in ji Mama. "Kin mai da min shi mai ɗaya. Tashi ki je ki cire masa abin nan."

Auta ta ɗago kai.

"Ban ce na yafe ba," Mama ta ce tana miƙewa. "Na ce ki je."

Ko mayafinta ba ta gyara daidai ba ta fita. A hanya zuciyarta ba ta bar ta ta yi murna ba. Mutum yana iya tausaya maka ya kuma rabu da kai. Wataƙila so yake ya gane ta don ya sallame ta ba tare da ƙiyayya ba. Ta hau matakala tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take roƙo a cikinta ba.

Teburin Sakatariya a share yake, babu ko biro. Daga baya ta ji cewa ya gode wa Sakatariya da gaskiyar da ta tono, ya kuma ce hanyar da ta bi ba ta mai zama da mutane ba ce, ta nemi wani wurin.

Yana ciki a gaban kwamfuta. Ya rame. Ga filasta a ido, ga ƙulu a goshi ya yi baƙi. Da ya ji motsi sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, yadda ita take juyowa in an zo mata ta hagu. Wannan kaɗai ya kusa sa ta zube.

Bai yi mata maraba ba, bai kuma kore ta ba. Ya jawo kujera ya ce ta zauna.

Ya ce kwana biyun farko da fushi ya yi su. A na uku ya lura in zai ɗauki abu sai ya ɗan kaɗa kai hagu da dama, sai abubuwa su rabu, na kusa ya gudu da sauri, na nesa ya tsaya. Sai ya tuna ita ma haka take yi kafin ta ɗauki almakashi, shi kuwa duk zatonsa yanga ce. Ya ce to in kai ba zai kaɗa a gaban hoto ba, me zai hana hoton ya kaɗa? Ya ɗauki hotunan ɗakin guda biyu, na hagu da na dama, ya sa kwamfuta ta riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Babu tabarau. Ya ce shi da ido ɗaya ya ga wani abu, amma shi ya san zurfi tun yana yaro, wataƙila ƙwaƙwalwarsa ce ke cika masa. Bai san ko zai yi mata aiki ba.

Tsoro ya sake rufe ta, sabo fil. In ba ta gani ba, ta sake karya masa zuciya. In kuma ta gani ta ce ta gani, wa zai yarda? Ita da kanta ta kashe bakinta. Ta ƙudura a ranta ko me ya bayyana ba za ta ce uffan ba.

Ya danna.

Ɗakin ya fara rawa a hankali, hagu, dama, hagu, dama. Da farko jiri kawai ta ji. Can sai ƙofar ta rabu da bango. Tana kaɗawa sosai, kujera tana kaɗawa kaɗan, taga kuwa da ƙyar take motsi, kuma a tsakaninsu akwai wuri, fili na gaske wanda iska ke iya bi. Ta ji kamar ta taka tsanin da babu shi. Ta damƙe bakin tebur.

Ta manta da ƙudurinta.

"Tsaya... wannan ƙwan fitilar ba a bango yake ba?"

Ta nuna da yatsa.

"A tsakiyar ɗaki yake reto! Kai da tsawonka, ai kullum da goshi za ku gaisa." Ta matsa kusa, ta ƙanƙance ido. "Kuma ɗakin ƙarami ne. Daga ƙofa zuwa taga taku nawa ne, huɗu? In an sa gado ina zan ajiye kekena?"

Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta toshe baki da hannu biyu. Mutum ya yi kwana takwas da ido a manne saboda ita, abin da ta fara saka masa da shi ke nan, kushe.

Ta juya a tsorace.

Ba hoton yake kallo ba, ita yake kallo. Ya kai hannu ya ɓanɓare filastar a hankali. Idon ya fito ja, yana ƙyafƙyafta, ruwa na zuba daga cikinsa, kuma ɗayan ma da ba a manne ba ruwan yake yi.

"Huɗu da rabi," ya ce. "Na auna."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya share fuska da hannun riga.

"Ƙarami ne, Auta. Shi na iya samu. Za ki zauna a cikinsa?"

Ta sake duban ɗakin, yana ta kaɗawa a gabanta, ƙanƙane, da fentinsa da ya soma ɓarewa a kusurwa. Ta daɗe tana kallo, don wannan karon so take ta tabbata kafin ta buɗe baki.

"Zan zauna," ta ce. "In ka ɗaga fitilar."